Wa Ke Cin Ribar Rangwame? Farashin Littafi a Birtaniya da Faransa

Wanda ya saba da kasuwar da ake taya kaya, mai kaya ya ce albarka, a ja har a kai ga sallamawa, zai yi mamakin jin cewa kusan shekara ɗari mai kantin littattafai a Birtaniya ba shi da ikon rage ko sisi daga farashin sabon littafi. Tun 1900 kamfanonin ɗab'i da masu kantuna suka ƙulla yarjejeniya: kamfani ne ke yanka farashi, wanda kuwa ya karya shi a daina ba shi kaya. A 1962 kotu ta duba wannan tsari ta ce yana da amfani ga jama'a. A 1997 kotun ta haramta shi. Hujjar da zan kafa ita ce, manyan kantuna masu rassa da suka yi fafutukar rushe yarjejeniyar ba su ne suka ci moriyar rushewarta ba, kuma dalilin yana cikin yanayin hajar kanta.

Littafi ba kamar sukari ba ne. Kanti guda na iya ɗauke da dubban sunaye, kaɗan ne ke tashi da sauri, sauran suna zaune wata da watanni kafin mai nemansu ya shigo. Ribar waɗancan kaɗan ɗin ita ke biyan hayar kantar da littafin waƙoƙi ko na tarihi ke jira a kai. Idan aka janye wannan riba, mai kanti ba zai iya riƙe abin da ke kwantai ba, ko da shi ne ya fi daraja.

Dillons, kantin littattafai mai rassa, ƙarƙashin Terry Maher, shi ne ya fi matsa lamba a farkon shekarun 1990, yana sayar da wasu littattafai da rangwame don ya ga gudun ruwan kamfanonin ɗab'i. A 1995 kamfanonin ɗab'i na HarperCollins da Random House suka fice, yarjejeniyar ta mutu tun kafin hukuncin kotu. Lissafin masu rassa shi ne, tunda suna sari da yawa, za su samu ragin da ƙaramin kanti ba zai samu ba. Lissafin ya yi daidai, sai dai sun manta akwai waɗanda suka fi su girma, kuma ba da littafi suke ci ba. Lokacin da littafi na ƙarshe na Harry Potter ya fito a 2007, farashin da ke bayansa fam 17.99 ne, amma Asda, kantin kayan masarufi, ya sayar da shi fam 5. Asara ce da gangan, don a jawo mai sayen burodi da sabulu. Amazon kuma ya zo da abin da ya fi wannan, domin ba ya biyan hayar shago a tsakiyar gari. Hausawa dai sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sunan Dillons ya ɓace cikin Waterstones, wani kantin mai rassa, Ottakar's ya bi sahu a 2006, Borders na Birtaniya ya durƙushe a 2009. Kantuna masu zaman kansu a Birtaniya da Ireland, bisa ƙididdigar ƙungiyar masu sayar da littattafai, sun sauko daga 1,894 a 1995 zuwa 867 a 2016.

Faransa ta bi wata hanya. Bayan babban kantin Fnac ya fara karya farashi a shekarun 1970, aka kafa doka a 1981, wadda ake kira da sunan ministan al'adu Jack Lang: farashi ɗaya ko'ina, rangwame kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Dokar ba ta hana wayo ba. Da aka hana Amazon kai littafi gida kyauta a 2014, sai ya mai da kuɗin kaiwa santim ɗaya, har sai da gwamnati ta yanka yuro 3 a kan duk sayayyar da ba ta kai yuro 35 ba, daga 2023.

Masu sukar wannan tsari suna da magana, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa mai ƙaramin ƙarfi da ke sayen littafi ɗaya ko biyu a shekara shi ake tilasta wa biyan tsada don a ciyar da ɗanɗanon 'yan boko. Gaskiya ne, fam 5 ya fi fam 17.99 sauƙi ga uban yara. Amma ragin ya tsaya ne kan littattafan da dama za su sayu. Sauran ba su samu irinsa ba, sun ma rasa kantar da ake ganinsu a kai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Waterstones ya farfaɗo. A 2011 aka ɗauko James Daunt, mai ƙananan kantuna a Landan, aka ba shi ragamar kamfanin. Ya soke garaɓasar nan ta "sayi biyu, ɗauki na uku", ya daina karɓar kuɗi daga kamfanonin ɗab'i don a jera littattafansu a bakin ƙofa, ya bar manajan kowane reshe ya zaɓi abin da mutanen unguwarsa ke karantawa. Kayan da ake mayar wa kamfanoni suka ragu, riba ta dawo. Wato kanti mai rassa ya tsira ne da kwaikwayon ƙananan da ya taya kashewa. Sai dai a lura: kamfanin zuba jari na Elliott ya sayi Waterstones a 2018 da Barnes & Noble na Amurka a 2019, Waterstones kuma ya haɗiye kantunan Foyles a 2018 da Blackwell's a 2022, dukansu suna ci gaba da ciniki da tsofaffin sunayensu a saman ƙofa.