Gundumar Gidan Rumji

Gidan Rumji gunduma ce a jihar Maraɗi, kudancin Jamhuriyar Nijar. Babban birninta shi ne garin Gidan Rumji, wanda ke bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Maraɗi da Birnin Ƙonni. Tana iyaka da Najeriya ta kudu maso yamma, kuma Gulbin Maraɗi yana ratsa ta lokacin damina.

Gundumar na da ƙananan hukumomi biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Ƙidayar jama'a ta watan Disamba 2012 ta nuna tana da mutane 523,717, mafi yawansu Hausawa manoma. Ana noma gero, dawa, wake da gyaɗa, ana kuma kiwon dabbobi.

A garin Gidan Rumji akwai asibitin gunduma, inda cibiyoyin lafiya na karkara ke tura marasa lafiya. Tsibiri ita ce mazaunin Sarkin Gobir tun ƙarni na 19. Daga shekarar 2019 gundumar ta karɓi dubban 'yan gudun hijira da suka tsere wa hare-haren 'yan bindiga a arewa maso yammacin Najeriya.