Wasan Kalmomi Mai Tarko da Jama'ar da Suka Raine Shi

A ranar 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta Amurka ta buga wani zane na Arthur Wynne, ɗan asalin Liverpool, inda ake cike gurabe da kalmomi a tsaye da a kwance. Tambayoyinsa ba su da wani ɓoye-ɓoye: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. Sai da wasan ya ƙetara Ingila a shekarun 1920 aka saka masa tarko. Edward Powys Mathers, wanda ya laƙaba wa kansa Torquemada, ya fara rubuta wa jaridar Observer a 1926, kuma ya yi suna wajen wahalar da masu karatu. Jaridar Times ta shigo a 1930.

Kowace tambaya fuska biyu gare ta. Da Hausa za a iya cewa: "An hargitsa gari saboda sutura (4)." Mai gaggawa zai ɗauka rikici ake nufi. A'a, "hargitsa" umarni ne a cakuɗa haruffan "gari", a samu "riga", wadda ita ce suturar. Wani lokaci mutum ya zuba amsar daidai amma ya kasa gane ta inda ta fito, sai abokin zama ya leƙo ya warware masa. Kamar kacici-kacicinmu ne, sai dai a nan wanda ya ƙulla ba ya kusa balle a ba shi gari.

Derrick Macnutt, malamin makaranta mai laƙabin Ximenes, ya gaji Mathers a 1939. Shi ya dage cewa a ruɗa mai warwarewa amma kada a zalunce shi, kowace kalma a tambaya ta kasance da aikinta, ya kuma tattara ƙa'idojin a littafi a 1966. A ganina gasarsa ta fi littafin tasiri: masu warwarewa su ƙirƙiro tasu tambayar su aiko, shi kuma ya tace, ya rarraba musu takardar sharhi. Ta haka baƙin juna suka san sunayen juna. Jonathan Crowther, wato Azed, ya karɓi ragamar a 1972 ya ci gaba da gasar.

Taimako wajen tsara wasan ya taɓa jawo fitina. A 1944 sunayen sirri na harin Normandi, irin su Utah, Omaha da Overlord, suka riƙa fitowa a wasan jaridar Daily Telegraph, jami'an tsaro suka titsiye Leonard Dawe, shugaban wata makaranta, wanda shi ke tsara wasan. Shekaru da yawa bayan haka wani tsohon ɗalibinsa ya ce Dawe kan sa yara su cike masa gurabe, su kuwa a bakin sojojin da ke kusa suke tsintar kalmomin.

John Graham, limamin coci da masu karanta jaridar Guardian suka sani da Araucaria, da ciwon daji ya kama shi, a cikin amsoshin wasansa ya sanar da su, a Janairun 2013. Ya rasu a Nuwamban shekarar.