Madam C. J. Walker: 'Yar Wankau da Ta Zama Gatan Makarantu da Masu Fasaha

A tarihin kasuwancin Amurka ana yawan ambaton Madam C. J. Walker a matsayin mace ta farko da ta zama miloniya da gumin kanta, duk da cewa abin da ta bari a lokacin rasuwarta an ƙiyasta shi a kan kimanin dala 600,000, kuma wannan laƙabi ya yi tashe har ya kusa danne abin da ya fi shi nauyi a rayuwarta, wato yadda ta ɗauki hidima wa ilimi da fasahar baƙar fata a matsayin wani sashe na sana'arta tun hannunta bai cika ba.

Sunanta na yanka Sarah Breedlove, an kuma haife ta ranar 23 ga Disamba, 1867, a wata gonar auduga da ke Delta a jihar Louisiana, inda iyayenta, Owen da Minerva, suka yi zaman bauta, kuma ita ce ta farko cikin 'ya'yansu da aka haifa bayan an 'yanta bayi. Ta zama marainiya tana da shekara bakwai, ta koma Vicksburg a jihar Mississippi wurin yayarta Louvenia, ta yi aure tana da shekara 14, ta haifi 'yarta tilo, Lelia, a 1885, sannan mijinta Moses McWilliams ya rasu a 1887, ya bar ta da goyo tana da shekara ashirin. Daga nan ta nufi birnin St. Louis, inda 'yan'uwanta maza suke sana'ar aski, ta shiga wankau, wato wankin kayan mutane don a biya, sana'ar da a wancan zamani take nufin jido ruwa, da tafasa tufafi a ƙatuwar tukunya, da cuɗa su a kan allon wanki da sabulu mai cin hannu, da ɗora dutsen guga a kan murhu, duk a kan ladan da bai wuce dala ɗaya da rabi a yini ba.

Waɗannan shekaru na St. Louis su ne mabuɗin fahimtar halinta, domin a majami'ar St. Paul ta ɗariƙar AME, wadda baƙar fata suka kafa wa kansu, ta haɗu da matan da suke tara taro da sisi don ɗaukar nauyin marayu da zawarawa da sababbin baƙi daga kudu, kuma ita kanta ta ci moriyar wannan taimako kafin ta shiga sahun masu bayarwa. Karatun da ta samu a ƙuruciya bai wuce na wata uku ba, amma da kuɗin wankau ta tura Lelia Kwalejin Knoxville a jihar Tennessee, abin da ke nuna cewa ƙishirwar ilimi ta riga dukiya zuwa gidanta da shekaru masu yawa.

Sana'ar da ta ɗaukaka ta kuwa ta samo asali ne daga lalurar da ta same ta, wato zubewar gashi, wadda ta zama ruwan dare ga talakawan mata saboda yawancin gidaje ba su da ruwan famfo, ba a wanke kai sai jefi-jefi, amosani da cututtukan fatar kai kuma suka samu wurin zama. Ta fara da tallar kayan gashi na Annie Turnbo, wata 'yar kasuwa baƙar fata da ta riga ta a wannan fage, sannan ta koma Denver a 1905, ta auri Charles Joseph Walker a Janairun 1906, ta ɗauki sunansa ta fara haɗa nata man, wanda ta kira Wonderful Hair Grower, mai ɗauke da farar wuta da basilin. Tsarinta ya ƙunshi wanke kai a kai a kai, da murza man a fatar kai, da taje gashi da mataji na ƙarfe da aka ɗumama, kuma tana bi gida-gida da majami'a-majami'a tana gwadawa a kan mata a bainar jama'a. A 1908 ta buɗe makarantar koyon gyaran gashi a Pittsburgh, ta sa mata suna Lelia College, a 1910 kuma ta kafa hedikwata da masana'anta a Indianapolis, sannan a 1913 ta kai kasuwarta Jamaika da Haiti da Kuba da Panama da Kosta Rika.

Makarantar Lelia College da rassanta sun cancanci a lissafa su a sahun farko na hidimarta ga ilimi, ko da yake riba ake nema da su, domin macen da ba ta da mafita sai aikatau ko wankau ko tsinkar auduga takan fito da takardar shaida da sana'ar da za ta riƙe kanta da ita, kuma zuwa 1917 kamfanin ya yi iƙirarin horar da mata kusan 20,000. A babban taro na farko na wakilan da suke sayar da kayanta da aka yi a Philadelphia a wannan shekara, an ba da kyaututtuka ga waɗanda suka fi ciniki, an kuma ba da ga ƙungiyoyin da suka fi taimaka wa mabuƙata a garuruwansu, wanda ya nuna cewa so take kowace wakiliya ta koyi buɗe hannu kamar yadda ta koyi riƙe mataji.

Kyautar da ta fara fito da sunanta a jaridu ita ce dala 1,000 da ta yi alkawari a 1911 don gina cibiyar YMCA ta baƙar fata a Indianapolis, wato ƙungiyar samarin Kirista mai samar da masauki da azuzuwan karatu, a lokacin da kamfaninta bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba. Ta ɗauki nauyin karatun ɗalibai a Cibiyar Tuskegee ta Booker T. Washington, mutumin da ya ƙi ba ta damar magana a taron 'yan kasuwa baƙar fata na 1912 a Chicago har sai da ta miƙe da kanta ta gabatar da tarihinta, kuma ba ta bari wannan raini ya shafi ɗaliban makarantarsa ba. Ta kuma tallafa wa makarantun da mata irinta suka kafa a kudu, inda gwamnatocin jihohi suke ware wa yaran baƙar fata abin da bai taka kara ya karya ba, kamar makarantar Mary McLeod Bethune a Daytona, da Cibiyar Palmer ta Charlotte Hawkins Brown a North Carolina, da Cibiyar Haines ta Lucy Laney a Georgia.

A fannin fasaha salonta shi ne ta ba ƙwararru baƙar fata aiki ta biya su, shi ya sa ta zama majiɓinciyar masu zane irin su William Edouard Scott da John Wesley Hardrick a Indianapolis, da ta tashi gina katafaren gidanta mai suna Villa Lewaro a Irvington, a gaɓar kogin Hudson, sai ta damƙa zanensa ga Vertner Tandy, baƙar fata na farko da ya samu rajistar zanen gine-gine a jihar New York. An kammala gidan a 1918, shekarar da ta ba da dala 500 don kammala biyan bashin da ke kan gidan Frederick Douglass, bawan da ya tsere ya zama jagoran yaƙi da bauta, domin a adana shi a matsayin wurin tarihi. Ba ta raba wannan hidima da gwagwarmayar neman haƙƙi ba, domin a 1917 tana cikin tawagar da ta je fadar White House neman dokar hana kisan gillar da gungun fararen fata suke yi wa baƙaƙe, ko da yake Shugaba Woodrow Wilson bai gana da su ba, kuma gab da rasuwarta ta yi wa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata alkawarin dala 5,000 don wannan yaƙi.

Ta rasu ranar 25 ga Mayu, 1919, tana da shekara 51, sakamakon hawan jini da ciwon ƙoda, bayan ta yi wasiyya cewa kashi biyu cikin uku na ribar da dukiyarta za ta riƙa samarwa ya tafi ga ayyukan alheri. 'Yarta, wadda ta koma amsa sunan A'Lelia Walker, ta gaji kamfanin, ta kuma mai da wani sashe na gidanta da ke unguwar Harlem dandalin marubuta da mawaƙa a 1927, a tsakiyar zamanin bunƙasar adabi da kiɗan baƙar fata, inda irin su Langston Hughes da Countee Cullen suke haɗuwa. A ƙarshen wannan shekara ne kuma kamfanin ya buɗe ginin Walker a titin Indiana Avenue na Indianapolis, mai ɗauke da masana'anta da makarantar gyaran gashi da gidan wasan kwaikwayo da aka ƙawata da zane-zanen Afirka da Masar, a birnin da Madam Walker ta taɓa kai wani gidan silima ƙara saboda ya nemi ta biya kuɗin shiga fiye da na fararen fata.