Daga Goro zuwa Burodi a Zangon Zugu da Parakou

Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Bargu, fataken Kano da na Katsina sun san Parakou, sun kuma san Djougou, wadda kakanninmu suke kira Zugu. Nan ayari yakan yada zango in ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini, sa'an nan ya komo da huhunan goro. Guzurin farke a lokacin nan gari ne da kilishi. In ya sauka, masu gari su sayar masa da sakwara da cukun Fulani da suke kira wagashi. Baƙo kuwa ruwa da goro ake fara miƙa masa.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, a 1892 yaƙin basasa ya karya Salaga, hanyar goro ta raunana. Faransa ta kama Zugu a 1897, jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Parakou a 1936. Garin alkama da sukari da madarar gwangwani suka riƙa hawowa daga bakin teku.

Wanda ya zauna a teburin mai shayi kusa da tasha da sassafe, tarihin nan duka yana gabansa. Sunan shayi daga Larabawa muka samo shi. Zuba masa madara da sukari a babban kofi kuwa ɗabi'ar Ingilishi ce, ganyen ma sau da yawa Lipton ne, sunan wani ɗan kasuwar Gilasgo. Dogon burodi mai ɓawo na Faransa ne, amma kalmar burodi daga Turancin Ingila ta shigo bakinmu. A ganina abin da aka yi hasara shi ne rabo, gama goro ɗaya yakan ishi mutum huɗu, kofin shayi kuwa kowa da nasa, kowa da kuɗinsa.

Mu masu bi akwai abin da ya shafe mu a nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa, da aka fara bugawa cikakke a 1932, gurasa yake cewa, sunan abincin alkama da Kanawa suka sani tun da. Duk da haka a ikilisiyoyi da yawa, abin da fasto yake gutsuttsurawa ran Jibin Ubangiji burodin kasuwa ne, guda ɗaya, a kuma raba wa kowa kamar yadda ake raba goro.