Gugguru a abincin kare

Gugguru (wasu na rubuta guguru) kayan ƙwalama ne da ake yi da wani irin masara mai taurin ɓawo, wanda masana ke kira Zea mays everta. Kalmar aro ce daga Yarbanci. A birnin Zariya da Tudun Wada da Sabon Gari ana sayar da shi ƙulle a leda, sau da yawa tare da gyaɗa. Gugguru zalla ba guba ba ne ga kare, amma wanda ake sayarwa a titi ba zalla ba ne.

Abin da ke cikinsa

Ƙwayar masarar tana ɗauke da ruwa kimanin kashi 14 cikin 100. Idan zafi ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, ruwan ya zama tururi, sai ɓawon ya fashe. A kowace suya akwai ƙwayoyin da ba sa fashewa. Su ne ke iya fasa haƙorin kare ko su shaƙe ɗan kwikwiyo, ɓawon kuma yakan maƙale a dasashi.

Masu suya kan zuba sukari da gishiri da mai ko bota. Maiƙo mai yawa yana sa kare amai da zawo, gishiri yana ƙara masa ƙishirwa, sukari kuma yana jawo ƙiba. Wanda aka haɗa da cakulan bai halatta masa ba ko kaɗan, domin cakulan guba ne ga kare. Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada ƙwalama ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini.

A ƙasar Hausa

A cikin ganuwar Zazzau ba a cika ajiye kare a ɗaki ba. Na farauta ne ko na gadi, kuma abincinsa ragowar tuwo ce da ƙanzo da ƙashi. Saboda haka gugguru ba shi ne babban haɗari ba a nan. Masarar kanta ce. Kare yakan haɗiye totuwa bayan an cinye gasasshiyar masara, totuwa kuwa ba ta narkewa a ciki, tana iya toshe hanji har sai an yi tiyata.

Na biyu shi ne masarar da ta yi fumfuna a buhu, wadda wasu ke dafa wa dabbobi don kada a yi asara. Tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A Amurka, tsakanin 2020 da 2021, karnuka sama da 100 sun mutu bayan cin abincin kanti da aka samu wannan guba a cikinsa.

Karen da ya yi ta amai, ko ya ƙi abinci, ko farin idonsa ya koma rawaya, yana buƙatar likita a ranar. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru.