Jere: Dukiyar da Iyayenmu Mata Suka Tara a Zango



Kwanakin baya aka kira mu rabon gadon wata dattijuwa a nan Kumashi, wadda Allah ya yi wa rasuwa tana da shekaru sama da 80. Kamar yadda aka saba, malamai suka zauna a zaure, mu kuma aka tura mu ɗakinta da littafi da alƙalami domin mu ƙididdige abin da ta bari. Muka tarar da kabad mai gilashi cike da kwanuka masu fure, an kifa ƙarami a kan babba har sun kusa taɓa silin. A ƙarƙashin gado kuma akwai tasoshin tagulla guda 4 da suka yi duhu, da wata tsohuwar ƙwarya naɗe cikin zane, da ɗinkin gyartai a jikinta wuri 3. Da aka zo sa ƙima sai kowa ya yi shiru. Wani daga cikin jikokinta ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna a ba su kuɗin a raba. Maganar ba ta saɓa wa shari'a ba, amma ta tsaya mana a rai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Jere shi ne kayan da ake shirya wa amarya a ɗakinta kafin ta tare. Gwaggonni da ƙannen uwa ke zuwa su wuni suna ɗorawa suna saukewa, wata ta ja da baya ta ƙare wa bango kallo ta ce wancan ya karkace, a sake. Abin da ya kamata matasanmu su sani shi ne kayan nan mallakar matar ne. Miji ba shi da ikon sayar da ko murfi ɗaya. Waɗanda suka karanta Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim za su tuna cewa akwai fasali a kan saɓanin ma'aurata game da kayan gida, kuma hukuncin Malikiyya shi ne abin da aka san na mata ne a al'ada ana bar wa mace tare da rantsuwarta. Saboda haka duk wanda ya buɗe kabad irin wannan, taskar mace ya buɗe.

A zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni ce a ƙasa da jakuna, ana ƙetare Kwara a bi ta Borgu har a sauka Salga. Matan da suka biyo ayari ba su da halin ɗaukar abu mai nauyi. Jerensu na ƙore ne: masaki babba, ƙwaryar fura, ƙoƙo, ludayi, a saka wannan cikin wancan a ɗaure da ragaya a ɗora a ka. Akwai akushi da aka sassaƙa daga itace, da adudu na ajiye tufafi, da faifai na rufe abinci, da tabarmar kaba. Idan an isa masauki aka sami ɗaki, ragayar nan ce za a rataya, a rufe ƙofa da asabari, ɗaki ya zama na mai shi.

Duba da kyau za ka ga kusan duk abin da muka lissafa tsiro ne. Duma ake shukawa da damina ya hau danga ko rufin ɗaki, a bar shi ya ƙosa ya bushe, sannan a fafe, a jiƙa a kankare har ɗacin ya fita. Aiki ne na haƙuri, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan haka sai ta shiga hannun mai zane. Wani da wuƙa yake yanka bayan ƙwaryar ya fitar da dagi da layuka, ya goga alli a cikin yankan har zanen ya fito fari. Wani kuma ƙarfe yake sawa a wuta ya riƙa ƙona zanen baƙi, ƙwaryar na tsakanin gwiwoyinsa yana juya ta da hannun hagu. Ba ya zana komai a takarda tukuna, kuma idan hannu ya goce babu gogewa, sai dai ya san yadda zai mayar da kuskuren ya zama wani reshe na adon. Faifai kuwa aikin mata ne a cikin gida. Ana rina kaba da karan dafi ta yi ja, a haɗa da baƙa da fara, a fara daga cibiya ana naɗawa ana ɗinkewa. Mun taso mun iske tsofaffin da ke kallon faifai su faɗi gidan da aka saƙa shi, kamar yadda malami ke gane rubutun almajirinsa a allo. Ba mu rubuta sunan ko ɗaya daga cikin matan nan ba, kuma wannan laifinmu ne mu masu riƙe da alƙalami.

An ce mana a Turai da Amurka yanzu akwai masu zane da suka haramta wa kansu nama da nono da fata, ba sa aiki sai da abin da ya tsiro daga ƙasa, suna kuma ƙawata gidajensu da tsofaffin kaya. Kakanninmu ba su san wannan aƙida ba, suna yanka rago su yi buzu da fatarsa. Amma da irin waɗancan masu zane za su leƙa ɗakin amaryar Salga, da sun sami abin da suke nema a rataye a ragaya. Hatta daɓen ƙasa da ruwan makuba ake yayyafa masa, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, mata su taru da madaɓi suna bugu suna waƙa har ya yi santsi. Shuɗin zanen gado kuma daga ganyen baba ya fito.

Akwai wani bambanci tsakaninmu da 'yan uwanmu na ƙasar Hausa da ba a cika lura da shi ba. A Kano da Zariya da Damagaram, attajiri a fuskar gidansa yake nuna arziki. Yakan kira magina su ɗora zanko a kan soro, su zana bangon zaure tun yana ɗanye. Sunan Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau bai ɓace ba. Wannan fasaha ba ta biyo mu kurmi ba. Ruwan sama a nan ya fi ƙarfin ginin soro, sai rufin kwano. Ƙasar kuma ta masu gari ce, an ba mu aro ne mu zauna, kuma da yawa daga cikin iyayenmu a ɗakin haya suka yi rayuwarsu, gida ɗaya iyali goma. Wanda bai mallaki bango ba, ba zai zana shi ba. Sai ado duka ya koma cikin ɗakin mace, ya zama abin da ake iya kwancewa a ɗaure idan tafiya ta kama.

Tafiyar kuwa ta sha kamawa. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumashi da yaƙi, ƙarfin Tonawa a kan hanyar goro ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salga, mutanenta suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kumashi da Ankara. Cikin waɗanda suka koma Kete Karachi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Zangunan da muke ciki yau da yawansu daga wannan watsewa suka cika.

A daidai wannan lokaci ne kayan jere suka fara sauyawa. Tasar tagulla ta riga ta shigo, aikin maƙeran Bida, mai tsada, sai 'yar madugu ko 'yar babban dillali. Jirgin ƙasa ya iso Kumashi a 1903, ya isa Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo shi. Su suka kawo kwanon ƙarfe mai fenti, wanda ba ya fashewa kamar ƙwarya, gara ba ta cinsa, ga launi da ido bai saba gani ba. Da farko daga Turai ake kawo shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma na Hong Kong ya cika kasuwa saboda araha. Wajajen samun 'yancin kai, da gwamnatoci suka ɗora haraji a kan kayan waje, masu masana'antun Hong Kong ɗin suka taso da injinansu suka kafa a Legas da Kano da nan Gana. Daga nan kwano ya shiga kowane gida.

Iyayenmu mata ba su karɓi kwanon nan yadda mai ƙera shi ya nufa ba. Shi don cin abinci ya yi shi, su kuwa suka mayar da shi abin kallo, suka jera shi daidai yadda ake jera ƙore, babba a ƙasa ƙarami a sama. Kafin kabad ya yawaita, ƙananan faranti a bango ake liƙa su sahu-sahu tun daga kan gado har rufi, wanda ya shigo da fitila da dare sai ya ga ɗaki na walƙiya ta ko'ina. Langa da fanteka da samira kowanne da zamaninsa, kuma mace mai ido takan dubi jere ta faɗi shekarun da aka yi auren. Yawancin kwanukan ba a taɓa zuba musu miya ba. Sau biyu a shekara ake sauke su, gab da ƙaramar Salla da babba, a wanke a goge a mayar.

Ta ina kuɗin ke fitowa? Daga tuwon sayarwa da waina da koko da ƙosai, daga adashi, daga tallan yarinyar da za a yi wa auren. Uwa takan fara tara wa 'yarta kwano tun ba ta yaye ta ba. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: jeren da muke yabo ya hana 'yan mata da yawa zama a makaranta, ta allo da ta boko, domin tire yana kansu tun safe. Gasar da ke tsakanin gidaje kuma ta jefa iyaye cikin bashi, har malamai suka yi ta wa'azi a kai. Muna da 'yan uwa mata da har yau ba sa iya karanta wasiƙa, alhali an kai su ɗaki da kwanukan da suka fi ƙarfin ƙirga.

Sai dai ranar da wuya ta zo, kwanon ya biya bashinsa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Wasunmu ba a haife su ba a lokacin, wasu suna goye, amma babu gidan zango da ba a ba da labarin. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau manyan motoci zuwa iyaka. Mai gida ya bar gidansa ko ya sayar a wulaƙance, mai rumfa ya bar rumfarsa, domin ba a ɗaukar gini a ka. Mata kuwa suka kwance jere, suka sayar da rabi aka biya kuɗin mota, sauran aka cusa tufafi a ciki aka ɗaure da zane. Dattawa sun shaida mana cewa akwai gidajen da kwanon matar ne ya ciyar da su watannin farko a inda suka sauka.

Ta 1983 kuwa da idonmu muka gani. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki, Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, tsadar kaya a shekarar ta haura 100 bisa 100. Wanda ya ajiye sidi a ƙarƙashin katifa ya wayi gari da takarda. Wadda ta ajiye kwano kuwa, kullum farashinsa na bin kasuwa. Muna yara ana aiken mu da langa a lulluɓe cikin mayafi, bayan magariba don kada maƙwabta su gani, mu kai wa dillaliya mu dawo da kuɗin masara. Da muka girma muka gane cewa giɓin da muke gani a kabad ɗin iyayenmu, kowanne da abin da ya saya: wannan maganin asibiti, wancan kuɗin jarrabawa.

Bayan haka tangaran ya zo, kula ta zo, roba ta zo. Amaryar yau kujeru take so da firji da talabijin, kuma ba mu ga laifinta ba, kowane zamani da kayansa. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake rabuwa da na da. Ana auna tasar Bida a sikeli kamar ƙarfen mota. Ƙore masu zane ana jefa su bayan gida, ko a sayar wa masu kai wa baƙi 'yan yawon buɗe ido a Ankara, su kuma su ninka kuɗin sau da yawa, a tafi da su ƙasar da ba wanda zai san ɗakin da suka fito.

Roƙonmu ga duk wanda rabon gado ya biyo ta gidansu shi ne kafin a taɓa jere a ɗauki hotonsa yadda mai shi ta bar shi, a kira tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi ta faɗi sunan kowane kwano da wanda ya saye shi da dalilin sayensa. Shari'a ba ta hana magaji ɗaya ya karɓi abu a cikin rabonsa a kan ƙimar da aka yarda da ita ba, don haka ba dole sai an sayar wa bare ba.

Haka aka yi a gidan da muka ambata. Kwanukan an raba su tsakanin 'ya'yanta, tasoshin tagulla babban ɗanta ya karɓa a cikin kasonsa. Ƙwaryar ce aka rasa mai so, har sai da ƙanwar marigayiyar, wadda ido ya fara yi wa nauyi, ta sa aka miƙa mata. Ta shafa zanen da yatsa ta ce ta kakarsu ce, da ita aka fito Salga, a cikinta aka dama furar sunan uwarsu, ɗinki na uku kuma a Kumashi aka yi shi shekarar da aka kori baƙi. Wata jika da ke karatun aikin jinya ta ce a ba ta. Magada suka yafe, muka rubuta a littafi: ƙwarya 1, mai ɗinki 3, an bayar kyauta da yardar kowa.