Wutar da Ke Keta Sama da Tarihin Dutsen Zagami

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara, daga Ibeto ta ƙasar Kontagora har zuwa ƙauyukan Maraɗi, ya san daren da ake zaune a ƙofar gida cikin hunturu, kwatsam a ga wata wuta ta keto sararin samaniya da gudu, kafin a ce mene ne wannan ta ɓace. Wani lokaci hasken kan yi ƙarfin da za a iya ganin inuwar mutum a ƙasa, can bayan ɗan lokaci a ji rugugi kamar na hadari, alhali babu ko ɗigon gajimare. Manya kan yi salati, washegari kuma labari ya cika kasuwa, kowa da tasa fassarar. A wannan maƙala za mu bi diddigin kaɗan daga cikin irin waɗannan aukuwa da tarihi ya adana a ƙasashenmu, mu ga abin da aka gano game da su, da kuma abin da ya kuɓuce mana.

Yadda Magabata Suka Kalli Sama

Bahaushe ba baƙon kallon sama ba ne. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Kaza da 'ya'yanta, kuma da taurari manomi kan lissafta shigowar damina da fitarta. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne wanda ya saɓa wa wannan tsari, wato tauraruwa mai wutsiya da kuma tauraron da ya yanko ya faɗo. Ta farkon akan ɗauke ta alamar mutuwar wani babban sarki ko zuwan yaƙi. Na biyun kuwa malamai kan danganta shi da jifan shaiɗanu masu satar sauraro, kamar yadda batun ya zo a Suratul Mulki da Suratul Jinni.

Malaman Sudan ta Yamma ba su tsaya ga fassara kaɗai ba, sun rubuta abin da suka gani. A gefen wani tsohon littafi na Tumbutu akwai bayanin da ake jingina wa Mahmud Ka'ati, inda aka ambaci wani dare na watan Rajab, shekara ta 991 bayan Hijira, wato 1583 Miladiyya, da taurari suka yi ta shawagi ta kowace fuska har mutane suka firgita. Darajar wannan ɗan rubutu ita ce an sa wata da shekara, don haka masanin yau zai iya auna shi da lissafin falaki.

Abin da Ilmi Ya Gano

Su ma Turawa sun daɗe suna musun cewa dutse na faɗowa daga sama, suna ɗaukar zancen a matsayin camfin ƙauyawa. Sai a ranar 26 ga Afrilu, 1803, shekara guda kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, duwatsu kimanin 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa. Aka tura masani Jean-Baptiste Biot, ya zaga ƙauyuka yana tambayar manoma, ya gwama shaidarsu da duwatsun da aka tsinta, daga nan musu ya ƙare.

A yau an san cewa mafi yawan waɗannan wutace ɓarɓashin dutse ne da ƙarfe masu yawo a sarari. Sukan shigo iskar da ke lulluɓe da duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda, sai iskar da ke gabansu ta matse ta yi zafi, su kama ci da wuta tun suna nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Galibinsu ba su wuce ƙwayar gero ba, a can sama suke ƙonewa ƙurmus. Wanda ya yi girma shi ke haskaka gari, ya tarwatse da ƙara, ragowarsa ta iso ƙasa. Dalilin da ya sa ake ganin haske kafin a ji rugugi kuwa shi ne sauti ba ya wuce mita 340 a daƙiƙa, saboda haka yakan ɗauki mintoci kafin ya iso kunne.

Dutsen Zagami

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, kusa da dutsen Zagami a Lardin Katsina, yankin da ke cikin ƙaramar hukumar Faskari a yau, wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji wata irin ƙara mai razanarwa, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da ƙura ta lafa aka tarar da baƙin dutse ya nutse cikin rami mai zurfin kamar ƙafa biyu. Nauyinsa ya kai kilo 18. Aka kai shi ofishin Hukumar Binciken Ma'adinai da ke Kaduna, inda ya shafe shekaru a ajiye.

Ba a san asalinsa ba sai da aka je wata duniya aka dawo da awo. A 1976 kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a duniyar Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mars, suka auna irin iskar da ke can. A 1983 masana suka tarar da iska mai kama da ita sak a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a Antaktika. A 1995 kuma aka sami wannan shaida a cikin dutsen Zagami. Bincike ya nuna cewa narkakken dutse ne da ya daskare a Mirrihu kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, wani babban dutse ya daki wurin ya cillo shi sarari, ya yi ta yawo na wajen shekaru miliyan 3 kafin ya sauka a gonar wani Bakatsine. A 1996 ma an liƙa ɗan ɓallinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi kewayen duniyar da ya fito.

Sauran Aukuwa

Zagami ba shi kaɗai ba ne. An rubuta faɗowar dutse a Birnin Ƙonni a 1923, da Kabo ta ƙasar Kano a ranar 25 ga Afrilu, 1971, da yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar a 1991. A ranar 3 ga Afrilu, 1984, da almuru, mutanen Bogga Dingare ta ƙasar Gujba suka ga wuta ta keto sama, dutse mai kimanin kilo 100 ya faɗo cikin gona. Jama'a suka farfasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa. Daga baya aka gano cewa yana cikin wani jinsi mai wuyar samu ƙwarai. Kazalika a daren 21 ga Yuli, 2002, mutanen ƙasar Haɗeja suka ga wata gagarumar wuta tana tafe daga kudu zuwa arewa, aka ji fashewa, aka kuma tsinci duwatsu a Kilabo da ƙauyukan da ke kewaye.

Ba kowane haske ne ke barin dutse ba. A watan Agusta da Nuwamba da Disamba na kowace shekara duniya kan ratsa ƙurar da wasu halittun sama suka bari a hanyarsu, sai a ga taurari na ta zuba. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1910 da 1986, ana kuma sa ran dawowarta a 2061. Tun daga 2019 an ƙara samun wani sabon abin ruɗani, wato jerin taurarin ɗan'adam na Starlink, waɗanda akan gani a layi ɗaya kamar ayarin fatake bayan magariba.

Abin da Ya Kuɓuce Mana

Masu iya magana kan ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami. A 1988 wani ɗan kasuwar irin waɗannan duwatsu daga Amurka, Robert Haag, ya sami babban yanki na dutsen Zagami, aka yayyanka shi, ya watsu a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan mamaki a ƙasashen duniya. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mirrihu mai nauyin fiye da kilo 24 a yankin Agadas. A Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a birnin Niyok kan dala miliyan 5.3, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar.

Hasarar ba ta tsaya ga dutsen ba. Bayanin faɗowar Zagami da duniya ta sani ya iso mana ne cikin Turanci, a taƙaice. Kalmomin da shi manomin ya yi amfani da su, da abin da dattawan garin suka ce, da sunan da aka raɗa wa wannan shekara, duk aiki ne na masu nazarin harshe da adabin baka, wato mu.

Kammalawa

Darasin da ke cikin tarihin nan a fili yake. A Tumbutu malami ya rubuta wata da shekara, a Faransa masani ya saurari ƙauyawa, a Zagami manomi bai ɓoye abin da ya faɗo masa ba, kuma a kowane ɗaya daga cikin ukun ilmi ya ƙaru. Ɗalibin da ya koma gida hutu yana iya zama da tsofaffin garinsu, ya tambaye su wace shekara aka ga wuta a sama, daga wace fuska ta taso, an ji ƙara ko ba a ji ba, an tsinci wani abu ko kuwa. Waɗanda suka ga abin da ya faru a 1962 da idonsu sun manyanta, kuma ranar da aka rasa su, an rasa shaidarsu ke nan.